Kifarwa, tsigewa, sokewa da kayarwa: kalmomin Turanci da suka sauke shugabanni a tarihin Filato

 

Ranar Lahadi 19 ga Nuwamba 2023, wani ƙanenmu ya turo saƙo a zauren WhatsApp na ƙungiya cewa an yi wa gwamna juyin mulki. Tun daga lokacin wayata ba ta huta ba. Wata uwa ta kira tana tambaya ko ta aika a dawo da 'ya'yanta gida, mai shagon da ke kusa da gidana kuma ya fara shigar da kaya ciki. Abin da ya faru a zahiri shi ne Kotun Ɗaukaka Ƙara da ta zauna a Abuja ta soke zaɓen Gwamna Caleb Mutfwang. Jaridun Turanci suka rubuta kanun labarin da kalmar "sack", yaron ya gani, ya fassara iya fahimtarsa. Babu soja a titi, gwamna yana ofishinsa, kuma shari'ar ba ta ƙare ba.

Ban ga laifin yaron ba. Turanci yana da kalmomi masu yawa na sauke mutum daga kujera, kuma a makaranta ba a zaunar da mu an bambance mana su ba. Amma kowace ɗaya tana faɗin wanda ya yi saukewar da hanyar da ya bi: ko bindiga, ko majalisa, ko kotu, ko ƙuri'a. Jiharmu ta ga dukkan huɗun da idonta. Shi ya sa na ga ya dace mu bi tarihinmu da kanmu, mu ga kowace kalma a ranar da aka yi amfani da ita.

Mu fara da ta bindiga. Kalmar "coup" ba asalin Turanci ba ce, daga Faransanci aka aro ta. Cikakkiyarta "coup d'état", ma'anarta duka ko bugun da aka kai wa gwamnati. Ana furta ta "ku", ba a faɗin harafin ƙarshe. Mu da Hausa juyin mulki muke cewa. Abokan tafiyarta su ne "overthrow" da "topple". Ta farko ta fito daga jifa, kamar ɗan kokawa ya ɗaga abokin karawarsa ya maka shi da ƙasa. Ta biyu ana faɗinta ga dogon abu da ya rinjaya ta sama ya faɗi, kamar bishiya ko gini. Gidajen rediyon Hausa suna fassara su da kifar da gwamnati ko hamɓarar da ita, kuma fassarar ta zauna, domin wanda ya taɓa kifar da ƙwarya ya san abin da ke ciki ba ya saura.

'Yan Najeriya sun fara sanin nauyin waɗannan kalmomi ranar 15 ga Janairu 1966, lokacin da wasu hafsoshi, cikinsu har da Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu, suka kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da wasu manyan 'yan siyasa da sojoji. Abin lura shi ne Nzeogwu bai kira aikinsa juyin mulki ba. Da sunan "revolution" ya yi magana a rediyon Kaduna, wato juyin juya hali. Wannan ɗabi'a ce ta masu ƙwace mulki a ko'ina: wanda ya yi aikin yana neman kalma mai kyau, wanda aka yi wa yana kiran abin da sunansa. Juyin juya hali na gaskiya shi ne wanda jama'a suka tashi suka sauya tsarin ƙasa daga tushe, irin na Faransa a 1789 ko na Rasha a 1917. Hafsoshi kaɗan su kama gidan rediyo da asuba, wannan juyin mulki ne, ko da wane suna suka ba shi.

Daga nan sunan yankinmu ya shiga labarin bai sake fita ba. Juyin mulki na biyu, na 29 ga Yuli 1966, shi ya kawo Yakubu Gowon kan mulki, ɗan ƙabilar Ngas da asalinsa ke ƙasar Kanke. Shekara tara cif bayan haka, ranar 29 ga Yuli 1975, yana taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Kampala aka kifar da shi, kuma muryar da ta sanar a rediyo ta Kanar Joseph Garba ce, mutumin Langtang, kwamandan dakarun da ke tsaron fadarsa. Ba a zubar da jini ba, shi ya sa jaridu suka ce "bloodless coup". Wannan juyi ne ya sauke Joseph Gomwalk, gwamnan Jihar Binuwai-Filato tun 1967, wanda sakatariyar jiha ke ɗauke da sunansa a yau.

An ƙirƙiri Jihar Filato ranar 3 ga Fabrairu 1976. Kwana goma bayan nan, ranar Juma'a 13 ga Fabrairu, Laftanar Kanar Buka Suka Dimka ya jagoranci yunƙurin da aka kashe Janar Murtala Muhammad a Legas. A nan jaridu suka koya mana wasu kalmomin: "attempted coup" da "abortive coup", wato yunƙurin da bai yi nasara ba. An kashe shugaba, amma gwamnati ba ta faɗi ba, domin Obasanjo ya ci gaba da ita. Bambancin kalmar ba na wasa ba ne. Wanda ya yi nasara shi ake kira shugaban ƙasa, wanda ya gaza kuma kotun soja ke jiransa. An harbe Dimka da Gomwalk a watan Mayu 1976, kafin su kuma an harbe Janar Iliya Bisalla a watan Maris. Gidaje da yawa a jiharmu sun yi makoki a wannan shekara, kuma dattawanmu har yau suna sassauta murya idan an zo kan zancen.

Mahaifina ya sha ba mu labarin safiyar 31 ga Disamba 1983. Ya kunna rediyo don jin labarai sai ya ji badujalar soja, nan take ya ce kada kowa ya fita. Birgediya Sani Abacha ne ya sanar da kifar da gwamnatin Shehu Shagari. Gwamnanmu na farar hula na farko, Solomon Lar na jam'iyyar NPP, wanda ya hau a 1979 kuma aka sake zaɓensa a 1983, ya rasa kujerarsa a wannan rana, daga baya aka ɗaure shi. Babu wanda ya kayar da shi a zaɓe, babu majalisar da ta tuhume shi. Idan ɗalibi ya rubuta cewa an yi wa Lar "defeat" a 1983, ya yi kuskuren tarihi. Ranar 27 ga Agusta 1985 kuma Birgediya Joshua Dogonyaro, shi ma mutumin Langtang, ya sanar da sauke Janar Buhari. Wannan shi ake kira "palace coup", juyin cikin gida, domin na kusa da shugaba ne suka ture shi suka ɗora Babangida.

Kalma ta gaba ita ma a garinmu labarinta ya fara. A watan Maris 1993 jam'iyyar SDP ta yi babban taronta a nan Jos, inda Moshood Abiola ya samu takarar shugaban ƙasa a gaban Babagana Kingibe da Atiku Abubakar. Ina yaro a lokacin, abin da na fi tunawa shi ne yawan baƙin motoci a gari. An yi zaɓe ranar 12 ga Yuni tsakanin Abiola da Bashir Tofa na NRC. Ranar 23 ga Yuni gwamnatin Babangida ta soke shi kafin a gama bayyana sakamako. Kalmar ita ce "annul". Asalinta Latin ne, daga kalmar da ke nufin babu, wato a mayar da abu kamar ba a taɓa yin sa ba. Kafin wannan rana lauyoyi ne kawai suka saba da ita, bayanta har mai shayi ya san ta. Ba a ce Abiola ya faɗi ba, cewa aka yi zaɓen ma bai faru ba, kuma wannan ne ya sa raunin ya daɗe bai warke ba. Sai a 2018 gwamnatin tarayya ta mayar da 12 ga Yuni Ranar Dimokuraɗiyya. Shi kansa Babangida da zai tafi a ƙarshen watan Agusta bai ce ya yi murabus ba, "step aside" ya ce, wato ya ɗan koma gefe. A watan Nuwamba Abacha ya ture gwamnatin riƙon ƙwarya ta Ernest Shonekan, ya rushe zaɓaɓɓun gwamnoni duka, cikinsu har da namu, Fidelis Tapgun.

Bayan dawowar mulkin farar hula a 1999 bindiga ta koma bariki, sai kalmomin majalisa da na kotu suka karɓi fage. Babu wanda tarihinsa ya fi koyar da su kamar Joshua Dariye. Ranar 18 ga Mayu 2004, bayan rikicin Yelwa ta ƙasar Shendam, Shugaba Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci a Filato, ya dakatar da gwamna da majalisar dokoki, ya naɗa Manjo Janar Chris Alli mai ritaya ya riƙe jihar. Kalmar a nan "suspend" ce, dakatarwa. Asalin ma'anarta rataya abu, kuma abin da aka rataye ana iya sauko da shi. Haka aka yi, bayan wata shida, a watan Nuwamba, Dariye ya koma ofis.

Ranar 13 ga Nuwamba 2006 kuma aka ce an tsige shi, mataimakinsa Michael Botmang ya hau. Kalmar "impeach" tana da tarko. Ta shigo Turanci daga tsohon Faransanci da ma'anar hana mutum motsi, kamar a sa masa mari a ƙafa. A Amurka ba ta nufin cirewa, tuhuma kawai take nufi: majalisar wakilai ta tuhumi shugaba, majalisar dattawa ta yi shari'a. An yi wa Andrew Johnson haka a 1868, Bill Clinton a 1998, Donald Trump kuma sau biyu, a 2019 da 2021, kuma babu ɗayansu da aka cire ta wannan hanya. A Najeriya kalmar ta koma nufin cirewar kanta, tun daga ranar 23 ga Yuni 1981 da majalisar Jihar Kaduna ta tsige Balarabe Musa, gwamna na farko da hakan ta faɗa wa. Don haka idan kun ji labarin Amurka an fassara da "an tsige shugaba", ku sake bincikawa, wataƙila mutumin yana kan kujerarsa.

Sashe na 188 na Tsarin Mulkin 1999 ya shimfiɗa yadda ake cire gwamna. Kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisa su sa hannu a takardar zargi. Kashi biyu cikin uku su amince a bincika. Babban Jojin jiha ya naɗa kwamitin mutum bakwai. Idan kwamitin ya tabbatar da zargin, sai kashi biyu cikin uku su sake amincewa. Majalisar Filato kujeru 24 gare ta, kashi biyu cikin uku ke nan mutum 16. Waɗanda suka zauna suka tsige Dariye ba su kai goma ba. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe tsigewar a watan Maris 2007, Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka ranar 27 ga Afrilu, ya koma ya ƙarasa 'yan makonnin da suka rage masa zuwa 29 ga Mayu. Kalmar mayarwa ita ce "reinstate". Kotun ba ta wanke shi daga zargin kuɗi ba, abin da ta ce shi ne ba a bi ƙa'ida ba. Zargin ya ci gaba ta wata hanya, har aka yanke masa hukuncin ɗauri a 2018, aka yi masa afuwa a 2022. A wannan zamani ne kuma kotuna suka mayar da Rashidi Ladoja na Oyo da Peter Obi na Anambra bayan an tsige su.

Yanzu mu dawo kan ranar da na fara da ita. An yi zaɓen gwamna ranar 18 ga Maris 2023, hukumar zaɓe ta ce Mutfwang na PDP ya kayar da Nentawe Yilwatda na APC. Kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta tabbatar da shi a watan Satumba. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke a watan Nuwamba bisa hujjar yadda jam'iyyarsa ta tsayar da 'yan takara. Ranar Juma'a 12 ga Janairu 2024 Kotun Ƙoli ta jingine wannan hukunci ta bar shi a kujerarsa, a ranar da ta yi wa Abba Kabir Yusuf na Kano haka. A cikin waɗannan watanni mun ga wasu kalmomi suna yawo. "Uphold" da "affirm" tabbatarwa ne. "Nullify" sokewa ce, 'yar'uwar "annul". "Overturn" da "set aside" su ne babbar kotu ta rushe ko ta jingine hukuncin ƙaramar kotu. Ita kuwa "sack" ba kalmar alƙali ba ce, ta 'yan jarida ce, gajeriya ce mai shiga kanun labari, kuma asali korar ma'aikaci take nufi.

Ga inda sanin tsari ya fi sanin kalma amfani. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke zaɓen 'yan majalisar jiha 16 na PDP da wasu 'yan majalisar tarayya bisa irin wannan hujja, jaridu kuma suka rubuta "sack" a kansu kamar yadda suka rubuta a kan gwamna. Amma ƙarar zaɓen ɗan majalisa a Kotun Ɗaukaka Ƙara take ƙarewa, ta gwamna da ta shugaban ƙasa ce ke zuwa Kotun Ƙoli. Shi ya sa gwamna ya tsira, su kuma hukuncin ya zauna a kansu. Kalma ɗaya ce a jarida, sakamako biyu a rayuwa. Duk wanda ya ga labarin kotu, kafin ya tura wa kowa, ya tambayi kansa wace kotu ce, kuma ko akwai wata a samanta.

Akwai kuma kalmomi biyu da ke rikita har masu digiri, domin dukkansu da "up" suka fara, mai nufin sama, amma ƙasa suke kai mutum. Ta farko "upturn". Jaridunmu suna rubuta cewa kotu ta yi "upturn" na hukunci, suna nufin ta rushe shi. A jaridun Ingila kalmar ta fi zuwa da ma'anar farfaɗowa, musamman ta tattalin arziki, don rushe hukunci kuwa "overturn" suke cewa. Ɗalibanmu masu rubuta jarrabawa ko neman aiki a waje su riƙe wannan. Ta biyu "upset". A tsohon Turanci tana nufin kafa abu a tsaye, daga baya ta juya ta koma nufin kifar da shi, sannan ɓacin rai. A fagen wasa da siyasa kuma tana nufin ƙarami ya kayar da babba ba zato, kamar yadda Kamaru ta ci Ajantina ɗaya da nema a gasar cin kofin duniya ta 1990, ko yadda 'yan wasanmu suka doke Brazil da Ajantina suka ɗauki zinare a Atlanta a 1996. Ita ma "uprising" daga tashi ta fito, wato bore. Sai dai Turawan mulkin mallaka sun fi kiran irin wannan tashi "rebellion", tawaye, kamar yadda suka kira na mutanen Satiru kusa da Sakkwato a 1906. Wanda ke riƙe da alƙalami shi ke zaɓen kalma, shi ya sa mai karatu ya kamata ya duba wane ne ya rubuta.

Na bar "defeat" a ƙarshe domin ita ce muka fi daɗewa muna jira. Kayarwa ce a fili, bisa ƙa'idar da kowa ya yarda da ita tun kafin a fara. Tun daga 1960 babu shugaban Najeriya mai ci da ya sha kaye a akwatin zaɓe sai a 2015, lokacin da Buhari ya kayar da Goodluck Jonathan, shi kuma ya buga waya ranar 31 ga Maris ya amince tun kafin a gama sanar da sakamako. Wannan amincewa ita ce "concede". A watan Afrilu na wannan shekara Simon Lalong na APC ya kayar da Gyang Pwajok na PDP, jam'iyyar da ke mulkin Filato tun 1999, a 2023 kuma mulki ya sake komawa hannun PDP ta akwati. Wanda aka kayar yana kwana a gidansa, yana da damar zuwa kotu, yana da damar sake tsayawa bayan shekara huɗu. Waɗanda aka kifar a shekarun soja da yawansu ba su samu ko ɗaya cikin waɗannan ba.

Mu mutanen Jos mun san farashin labarin da ya riga gaskiya isowa. Rikicin ƙarshen Nuwamba 2008 ya ɓarke ne bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, tun hukuma ba ta bayyana sakamako ba, kuma ɗaruruwan mutane suka rasa rayukansu. Babu unguwar da ba ta ji a jikinta ba. Saboda haka roƙona ga matasanmu masu jin Turanci, ku ne masu fassara wa iyayenmu labari a gida da kasuwa da majalisar mai shayi. Idan soja ne, ku ce juyin mulki. Idan majalisa ce, ku ce tsigewa. Idan kotu ce, ku ce ta soke, ku faɗi wace kotu, ku ƙara da cewa akwai sauran ɗaukaka ƙara idan akwai. Idan ƙuri'a ce, ku ce an kayar. Idan ba ku tabbatar ba, ku dakata har ku ji daga majiya biyu, ko ku tuntuɓi ɗaya daga cikin shugabannin ƙungiya kafin ku tura a zaure.

Dattawan da suka ga 1975 da 1976 da 1983 da idonsu, muna roƙon ku ba mu abin da kuka tuna, a ina kuka ji labarin kuma da wace kalma aka faɗa muku. Za mu tattara mu ajiye wa yaranmu. Wanda kuma ya ga gyara a abin da na rubuta, ƙofa a buɗe take.

Allah Ya zaunar da Tudun Wada lafiya, Ya zaunar da Filato da Najeriya lafiya.

Naku,
Sakataren ƙungiya